Yadda Ake Tarbar Tsuntsaye Masu Ƙaura a Tashar Ruwan Tarifa

Duk wanda ya tashi a karkara a ƙasar Hausa ya san lissafin shamuwa. Idan zafin bazara ya kai intaha, aka wayi gari aka gan ta a kan tsamiya tana jan kara, manomi zai fara duba fartanyarsa. To, a daidai lokacin da shamuwa ke shigo mana daga kudu, akwai wasu baƙin da ke tattara nasu-ya-nasu suna barinmu. Sun ci rani a fadamu da dazuzzukan Afirka ta Yamma, yanzu za su koma Turai su yi sheƙa su ƙyanƙyashe. Sahara ce a gabansu, bayan Sahara kuma teku.

Akwai wani ɗan gari a ƙarshen kudancin Sifaniya, sunansa Tarifa, inda mutum zai tsaya a bakin tashar jiragen ruwa ya ga wannan komawa da idonsa. Tsakaninsa da gaɓar Maroko, a inda mashigin Jibralta ya fi tsukewa, kilomita 14 ne kacal. Ranar da gari ya washe kana hango dutsen Jabal Musa a tsallake kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sunan garin ma ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta tarihin Andalus: daga Ɗarif ɗan Malik aka samo shi, wanda ya sauka a wurin a shekarar 710, shekara guda kafin Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetare, wanda shi kuma dutsen Jibralta ya ci sunansa.

Me ya sa tsuntsayen suke taruwa a nan? Ka tuna yadda ungulu ke shawagi a saman mahauta da hantsi, tana kewayawa tana ƙara sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Rana ce ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi kamar ginshiƙi, ita kuma ta hau. Da wannan dabarar manyan tsuntsaye ke cin dubban kilomita: su hau ginshiƙi ɗaya, su sulalo zuwa na gaba. Ruwa kuwa ba ya gasuwa kamar ƙasa, saboda haka a kan teku babu abin hawa, sai kaɗa fiffike da ƙarfin ƙirji, kuma tsuntsu mai nauyi ba ya jure wannan na dogon lokaci. Shi ya sa suke neman inda Bahar Rum ya fi ƙanƙanta. A gabas suna zagayawa ta Suwez da Bosforus, a tsakiya wasu na yanke daga Tunisiya zuwa Sisili, a yamma kuwa ƙofa ɗaya ce, ita ce wannan. Dubban ɗaruruwa ke bin ta kowace shekara. Yawancin masu bi ta Tarifa daga Senegal da Muritaniya da Mali da yammacin Nijar suke fitowa, wasu kuma daga dazuzzukan kudu. Na fadamar Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi da yawansu miƙewa suke yi ta Tunisiya da Italiya.

Zaɓen wata

Ƙaurar ba ta zuwa a dunƙule, kowane jinsi da lokacinsa, don haka ka fara yanke abin da kake son gani kafin ka sayi tikiti. Farar shamuwa mai jan baki ita ce mai sammako, tun cikin hunturu take fara ƙetarewa. Daga tsakiyar Fabrairu shirwa ke ɓallewa, ta cika sama a watan Maris. Rabin farko na Maris shi ne na gaggafa mai cin maciji da farar ungulu. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu ƙaramar gaggafa ke karɓa, tare da baƙar shamuwa da tsuntsaye masu cin ƙudan zuma. Ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu na shahon rina ne, wanda ke haƙa gidan rina ya cinye 'ya'yan. Shi ne mai zuwa a makare, saboda abincinsa ba ya samuwa a Turai sai gari ya ɗumama. Matasan mikiya su ke rufe kasuwa, har cikin Yuni.

Idan sau ɗaya za ka je a rayuwarka, ni dai shawarata ka ɗauki makon ƙarshe na Maris zuwa tsakiyar Afrilu, lokacin da na farko ba su gama ba, na biyu sun fara. Kuma kada ka ware ƙasa da kwana biyar. Wanda ya zo da kwana biyu a aljihu caca ya yi da iska, dalilin kuwa yana tafe a ƙasa.

Zuwa wurin ba wuya. Daga filin jirgin saman Malaga tafiyar kusan awa biyu ce a mota ta hanyar Aljesiras, daga nan kilomita 20 da 'yan kai a kan titin N-340. Wanda ke Maroko kuma zai hau jirgin ruwa daga Tanja, cikin awa guda ya sauka a tashar Tarifa kanta, in yana da bizar Shengen. Ka samu motar haya ko ka haɗu da masu mota, domin wuraren tsayawa a warwatse suke. Abu guda da ba zan ɓoye maka ba: wannan mashigi hanya ce da 'yan ci-rani ke ƙetarewa a ƙananan kwale-kwale, rayuka da yawa sun salwanta a cikinsa, kuma jami'an tsaro na sa ido sosai. Fasfonka ya kasance a jikinka ko da yaushe. Kada ka saita madubi ko kyamara kan shingen sojoji ko wurin binciken kwastan, kada kuma ka tsallaka waya ko da tsuntsun yana bayanta.

Abin da za ka riƙa

Madubin hangen nesa na hannu shi ne jari. Ka nemi mai lamba 8x42: takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mutane na ruɗuwa su sayi mai ninki 16 ko 20, alhali a cikin iskar Tarifa hannu ba ya tsayawa, hoton sai rawa. Tun a gida ka daidaita shi da idonka: rufe gilashin dama, juya ƙarfen tsakiya har abu ya fito sarai a idon hagu, sannan ka rufe hagu ka juya zoben da ke jikin idon dama. Ka koyi ɗaga madubin zuwa ido ba tare da ka kawar da kallonka daga tsuntsun ba. Mako guda kana gwadawa da tantabaru da hankaki a unguwarku ya isa.

Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani ga tsuntsayen teku, amma ba dole ba ne, masu shi a wurin ba sa rowar leƙe. Sauran kaya: rigar sanyi mai tare iska, hula mai igiya, tabarau, ruwan sha, littafin hotunan tsuntsayen Turai ko manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya, da ƙaramin littafin rubutu da fensir. Biro na daina rubutu idan takarda ta jiƙe da feshin teku.

Iska kafin tsuntsu

Nan ne ƙashin bayan maganar. Wanda ya iya karanta iska ya gama rabin aiki, wanda bai iya ba zai yini yana kallon sama wayam alhali ana shagali kilomita 20 daga inda yake.

Iska biyu ke mulkin mashigin, kuma kowa a garin, daga masunci zuwa mai sayar da burodi, da sunansu yake kiransu. Levante ita ce ta gabas, mai fitowa daga Bahar Rum. Poniente ita ce ta yamma, daga Tekun Atlantika. Tsuntsu yana tasowa daga Maroko ya nufi arewa, iskar kuma tana bugunsa daga gefe, kamar mai ninƙaya a kogi wanda ruwa ke ja, ba ya fita daidai inda ya nufa. Idan levante ke kaɗawa, tana tura su yamma, sai su sauka a Tarifa da yammacinta har wajen Boloniya. Idan poniente ce, tana tura su gabas, sai su faɗo ta Punta Carnero kusa da Aljesiras, ko kan dutsen Jibralta kansa. Dokar a taƙaice: ka bi iska inda ta nufa, ka tsaya a can.

Ni da kaina na sha wannan darasi. Ranar farko na kafa zama kusa da tashar tun hantsi, iskar yamma na kaɗawa a hankali, sama tas, Maroko a fili. Na ce yau sai na gaji da ƙirga. Har la'asar 'yan shirwa ne jefi-jefi, can nesa ta gabas. Da magariba na haɗu da waɗanda suka yini a Punta Carnero, wuyansu ya ƙage saboda ɗaga kai. Tun daga ranar ba na kwanciya sai na duba hasashen iska na gobe, da asuba kuma in sake dubawa in fita in tabbatar da idona. Tutocin tashar za su gaya maka. Idan suna nuna yamma, levante ce, zauna inda kake. Idan suna nuna gabas, shiga mota. Wata alamar: levante kan ɗora wa kan dutsen Jibralta farin gajimare kamar rawani, ta kuma kawo hazo, poniente kuwa takan share sama.

Ƙarfin iskar ma abin dubawa ne. Idan levante ta haukace, wadda takan yi kwana uku ko huɗu har a dakatar da jiragen Tanja, tsuntsaye ba sa ƙetarewa. Suna taruwa a duwatsun Maroko suna jira. Kada ranka ya ɓaci a irin waɗannan kwanaki, ka tafi wuraren da zan ambata a gaba, amma ka riƙa bibiyar hasashe, domin safiyar da iskar ta faɗi ita ce ranar da ka zo dominta. Duk abin da ya taru a tsallake zai ɓallo lokaci guda. Wannan ne ya sa na ce kwana biyar.

Safiya a tashar

Agogon Sifaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar har zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, daga nan su ƙara awa guda, saboda haka a farkon Afrilu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas. Manyan tsuntsaye kuma ba sa tashi sai duwatsun Maroko sun ɗumama, da wuya ka ga sun iso kafin goma. Awa biyun farko na teku ne da na gari.

Ka fara daga hanyar da ta haɗa gari da tsibirin Tarifa, wadda aka gina a 1808. Idan ka fuskanci tsibirin, Bahar Rum na hagunka, Atlantika na damanka, ƙarshen tsibirin kuma shi ne ƙarshen kudancin nahiyar Turai. Shiga cikinsa sai da izini da ɗan rakiya, ofishin yawon buɗe ido na garin zai nuna maka yadda ake yi, kuma ya cancanci wahalar. Ka sa madubi a layin da sama ta haɗu da ruwa, ka riƙa sharewa a hankali daga gefe zuwa gefe. Za ka ga pardela, tsuntsu mai dogayen fikafikai da ke sulalawa dab da igiyar ruwa, yana karkata ya nuna farin ciki, ya sake karkata ya nuna baya mai ruwan ƙasa. Daga Fabrairu suke shigowa Bahar Rum don yin ƙwai a tsibirai. Za ka ga alcatraz, babba fari mai baƙin bakin fiffike, wanda ke naɗe jiki ya faɗa ruwa kamar mashi. Shi fita yake yi zuwa arewacin Atlantika. A nan ƙaura biyu ke gicciye juna, ta sama daga kudu zuwa arewa, ta ruwa tsakanin gabas da yamma.

A cikin tashar kanta, kan katanga da bayan kwale-kwalen masunta, gaviota ce ta cika ko'ina, farin tsuntsun teku mai toka-tokan baya da ƙafa rawaya, mai yawan kuka da ƙwace. Kada ka raina su, ka bi su ɗaya-ɗaya. A cikinsu akwai wadda ta fi siriri, mai jan baki da ƙafa masu duhu, ana ce mata gaviota de Audouin, kusan a yankin Bahar Rum kawai take ƙyanƙyasa.

Sai ka juya ka dubi ganuwar da ke saman tashar. Halifa Abdurrahman na Uku ne ya sa aka gina ta a shekarar 960, yanzu ana kiranta da sunan Guzman el Bueno wanda ya kare ta a 1294. A ramukan tsofaffin bangon garin ƙaramin shaho ke sheƙa, wanda suke kira primilla. Na taɓa tsayawa a gindin bangon ina kallon namiji, kansa shuɗi-shuɗi, bayansa jan ƙasa babu ɗigo, ya dawo da ƙaton ƙwaro a baki, ya sauka a bakin rami, ya yi wani ɗan kuka, macen ta leƙo ta karɓa ta koma ciki. Tsuntsun nan bai fi kurciya girma ba, amma watanni biyu kafin nan yana farautar fara a Sahel. A 2007 an gano makwancinsu a wani tsibiri kusa da Kawlak a Senegal, sun haura 28,000 a wuri guda. A saman rufin gidaje kuma tsattsewa ce ke tsala gudu tana ihu. Akwai jinsinta da bincike ya nuna yana iya yin wata goma a sama bai sauka ba.

Lokacin da suka fara shigowa

Ƙarfe goma ka kasance a wurin tsayawarka. Da levante, ka hau tudun gabashin gari, wajen da ake kira Trafico da Punta Camorro, ko dandalin Cazalla da ke kan titin Aljesiras. Da poniente, Punta Carnero, inda akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Ka zauna ka ba teku fuska, ka samu abin jingina baya. Kada ka riƙa neman tsuntsu a tsakiyar sama. Ka duba gaban duwatsun Maroko da saman ruwa, domin a wannan kakar a gajiye suke isowa, sun zubar da tsayin da suka ɗauko, da yawansu ƙasa-ƙasa suke shigowa, wani lokaci ma ƙasa da inda kake zaune.

Wurin gane su, kada ka fara da launi, rana na ɓata launi. Ka fara da siffa: girma, wutsiya, kai, da yadda yake riƙe fiffike. Zan haɗa maka da sunayen da za ka ji mutanen wurin na kira, don idan wani ya yi ihu ka san inda za ka duba.

Shirwa, milano negro, ka riga ka san ta: duhun ruwan ƙasa, wutsiya mai ɗan tsagi wadda take murzawa kamar matuƙi. Bambancinta da tamu ta gida shi ne baki, tamu rawaya, wannan baƙi. Garke-garke take zuwa, ita ce mafi yawa. Gaggafa mai cin maciji, culebrera, babba ce, faɗin fikafikanta ya kusa mita biyu, cikinta fari da ɗige-ɗige, kanta ƙato kamar na mujiya, wuyanta da duhu kamar ta yafa mayafi. Ƙaramar gaggafa, calzada, girman shirwa gare ta, amma wutsiyarta a yanke take babu tsagi. Kala biyu ce: mai haske, fara da baƙin gefen fiffike, da mai duhu wadda ke ruɗa sabon shiga ya ce shirwa ce. Idan ta fuskanto ka, ka duba kafaɗunta, akwai farin ɗigo biyu kamar fitilun mota. Farar ungulu, alimoche, fara da baƙi ce, fuska rawaya, wutsiya mai tsini a tsakiya. Wannan tsuntsu yana cikin haɗarin ƙarewa a duniya, kuma abin takaici, cikin abubuwan da ke kashe 'yan'uwanta masu cin rani a Nijar da arewacin Najeriya har da farautarsu don kasuwar magungunan gargajiya.

Shamuwa, cigüeña, tana miƙe wuya da ƙafa idan tana tashi, saɓanin zalɓe da ke naɗe wuya. Mikiya, buitre, ba ta ɓuya, faɗinta ya wuce mita biyu da rabi, kamar ƙyauren ɗaki a sama. Idan garkensu ya zo ka bi su da kyau, domin tun shekarun 1990 ake ganin mikiyar Sahel, mai duhu da zanen ɓawon kifi a jiki, tana biyo su zuwa Turai. Shahon rina, abejero, ƙaramin kai gare shi mai miƙewa gaba kamar na kurciya, da doguwar wutsiya. Masu cin ƙudan zuma, abejaruco, kunne ne ke fara kama su, wani kuka mai taushi kamar ana kaɗa ƙananan ƙararrawa a cikin ruwa, sannan ka ga garken, rawaya da shuɗi da ja. Alhudahuda ma yana ƙetarewa, sau da yawa za ka tarar da shi a ciyawar bakin teku yana caccakar ƙasa.

Ba kowa ke isowa lafiya ba. Wata rana wajen azahar na ɗauko wata culebrera a madubi tun tana ɗigo, tana kaɗa fiffike da ƙyar, tsakaninta da ruwa bai fi tsayin mutum biyu ba. Gaviota uku suka taso mata, suna kai mata duka daga sama don su danna ta cikin ruwa. Duk wanda ke kan tudun ya yi tsit. Ta ci gaba, baki a buɗe, ta wuce layin kumfa, ta faɗa kan wani dutse ta zauna fikafikai a sake. Ta fi rabin awa a wurin kafin ta girgije ta kama iskar tudu ta yi sama. Wasu kan faɗa ruwa, gashinsu ya jiƙe, shi ke nan. A Jibralta ƙungiyar masu kula da tsuntsaye ta GONHS takan tsamo irin waɗannan ta yi jinyarsu ta sake su. Idan ka ga tsuntsu ya sauka a gajiye, kada ka matsa don ɗaukar hoto. Tashin da za ka sa ya yi zai iya zama na ƙarshe.

Da zarar sun taka tudu sai ka ga sun sake jiki, sun buɗe fikafikai suna kewayawa, can su naɗe su sulale arewa. Duk lokacin da na ga haka ayar Suratul Mulk ce ke faɗo mini, wadda ke cewa a dubi tsuntsaye a sama suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa.

Ƙirga da rubutawa

Kada ka ƙirga garke yana kewayawa, za ka maimaita tsuntsu ɗaya sau uku. Ka jira su miƙe a layi, ka zaɓi alama, ko turken wuta ko kan dutse, ka ƙirga masu wuce ta. Idan sun yi yawa, ƙirga goma, ka riƙe girman goman a idonka, ka riƙa aunawa da ita: goma, ashirin, talatin. Idan sun fi haka, ka auna da hamsin. Waɗanda suka fito daga teku kawai za ka sa a lissafin ƙaura, domin akwai mikiya da shamuwa mazauna yankin da ke kai-komo. A kowace awa ka rubuta lokaci, inda iska ta fito, ƙarfinta, jinsi da adadi. Wanda ba ka gane ba ka rubuta abin da ka gani: babba, wutsiya gajere, ciki fari. Wannan ya fi ka laƙaba masa sunan da ba nasa ba. Da dare ka shigar da jerin a eBird, shafin intanet da ke tattara bayanan masu kallon tsuntsaye. Gidauniyar Migres na gudanar da ƙidaya a mashigin bisa tsarin da aka fara tun 1997, kuma idan ka tarar da masu ƙidaya a bakin aiki, ka gaishe su ka tsaya gefe, tambaya sai sama ta lafa.

Ka riƙa duba ƙafafu. Shamuwa da gaviota da yawa na ɗauke da zoben roba mai haruffa, mikiya kuma wani lokaci da alama a fiffike. Ka rubuta launin zoben, haruffan, da ƙafar da yake, ka aika ta shafin EURING, ƙungiyar da ke haɗa ayyukan sa wa tsuntsaye zobe a Turai, za a maido maka da labarin inda aka sa masa da wuraren da aka gan shi. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Mortensen, shi ya fara aikin sa wa tsuntsaye zobe a 1899. Kafin nan, a 1822, an harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, tana nan a ajiye a jami'ar Rostok, tana cikin hujjojin farko da suka nuna wa Turawa inda tsuntsayensu ke tafiya.

Idan iska ta hana ƙetarewa

Rairayin Los Lances na arewa maso yammacin gari, ana zuwa da ƙafa, akwai gadar katako da ɗakin leƙe. Ka je lokacin da ruwan teku ke cikowa, shi ke turo ƙananan tsuntsayen gaɓa kusa da kai. Kada ka sauka daga kan katakon, akwai masu yin ƙwai a kan yashi tsirara, ƙwan kuma kamar tsakuwa yake, sai ka taka ba ka sani ba. La Janda tafiyar rabin awa ce a mota, tsohon tafki ne da aka janye ruwansa a shekarun 1960 aka mai da shi gonaki, ciki har da na shinkafa. Ka bi hanyar gefen magudanar a hankali, motar ita ce maɓoyarka, kana fitowa za su watse. Belbela na nan kamar a fadamar gida. Gaba kaɗan, a La Barca de Vejer, akwai baƙin tsuntsu mai sanƙo da lanƙwasasshen jan baki, ibis eremita, wanda ya ɓace daga Turai ƙarnuka da suka wuce, aka dawo da shi, yanzu yana sheƙa a dutsen bakin titi.

Wanda bizar Turai ta gagara bai rasa komai ba, tsallaken Maroko na da nasa daɗin. A tuddan da ke tsakanin Tanja da Jabal Musa za ka ga ɗaya rabin labarin: yadda suke taruwa, su hau sama, su fita kan ruwa, wasu su karaya su juyo, su sake gwadawa. Dokar iskar a nan ita ce ka nemi inda suke taruwa a gefen da iskar ta tura su, kuma kwanakin levante mai ƙarfi, da ake zaman jira a Sifaniya, su ne kwanakin da duwatsun Maroko ke cika.

Idan ka dawo gida kada ka ajiye littafin rubutun. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos na tattara bayanan 'yan sa-kai don taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma arewa na buƙatar idanu. Ka zaɓi fadama ɗaya ko bakin dam ɗaya kusa da kai, ka riƙa zuwa kowane mako. Ka rubuta ranar da ka fara ganin baƙin a watan Oktoba, da ranar ƙarshe da ka gan su a Maris ko Afrilu, da ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar garinku.